Amanar da Na Sayar a Mararraba

Gwaram, ranar Asabar

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na fara da sunan Allah mai kai matafiyi ya kuma dawo da shi. Ina roƙonsa ya tsare ki gaba da baya, dama da hagu, ya sa wannan tafiya ta zama alheri gare ki da mu baki ɗaya.

Na san za ki yi mamaki. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naki, amma ga Babanki ya koma rubuta wasiƙa kamar wanda ke Legas. To bakin ne ya ƙi. Ni da nake tsayawa a tsakiyar tasha in ƙwala wa mutum kira a ji ni har bakin kasuwa, in na zo gabanki sai harshena ya yi nauyi, don sunan uwata gare ki, kuma ke ce ta fari. Sau uku ina kiran ki a makon nan da niyyar magana, sau uku ina ƙarewa da "kawo mini ruwa." Ke kin ɗauka ƙishirwa ce ta addabe ni. Shi ya sa na sayi littafin rubutu a kanti na zauna. Rubutun direba ne, rabona da aji tun firamare, inda kika ga ya karkace ki yi haƙuri ki miƙe shi da kanki. Innarki ce za ta ba ki wasiƙar.

Maganar masaukinki ce. Jibi Litinin za ki tafi Birnin Kudu karatun jinya, abin da kika yi shekara uku kina nema. Wallahi ba a tasha kaɗai ba, har a masallaci na ishi mutane da labarin. Ni kuma na shirya ki zauna a gidan Alhaji Mamman, ubangidana, mutumin da ya fara ɗora ni a kan sitiyari. Gida babba, ga Hajiya, ga abinci, ga shi kusa da makaranta. Ranar Talata da na gaya miki, kika sunkuyar da kai kika ce, "Baba, ni dai ɗakin kwanan ɗalibai na fi so." A hankali kika faɗa, kamar mai tsoron kada maganar ta fito. Ni kuwa na hau ki da faɗa, na ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, na ce magana ta ƙare. Kika ce, "To, Baba," kika tashi. Tun ranar ba ki ƙara cin abincin kirki ba. Ina lura, kwanonki yana komawa madafa kusan yadda ya fito.

Zan gaya miki abin da na yanke a kai. Amma ki bar ni in bi ta hanyar da na biyo, don akwai abin da na aikata tun kina goye, ban taɓa gaya miki ba.

Kin san yadda ake yi a tasharmu. In yarinya za ta yi tafiya ita kaɗai, uwarta ko kakarta takan rako ta har bakin mota, ta nemi direba ido da ido, ta ce, "Direba, ga amana." Ta faɗi unguwa, ta faɗi gida. Kai kuma ka sa yarinyar a gidan gaba inda ba mai matse ta, ka sauke ta a ƙofar gidan da aka ce. Akwai kuma wani abu da muke yi wanda iyaye ba sa kawo shi a ransu. In ka taso da mota rabi, ko ka sami lodin da ya fi a hanya, sai ka tsayar da ɗan'uwanka direba mai sauran wuri, ka juye masa mutanenka, kai ka juya. Mu muna ce masa sayar da fasinja. Ba wanda ke ɗaukar sa laifi, iyaka fasinja ya yi tsaki ya sauko da kayansa.

Wata ranar kasuwa bayan azahar, wata tsohuwa daga wajen Zandam ta kawo mini jikarta. Ba zan rubuta sunan yarinyar na gaskiya ba, mu ce mata Saude. Ba za ta wuce sha huɗu ba. Tana riƙe da kayanta a leda, da ɗan kwanon man shanu da za ta kai wa gwaggonta a Birnin Kudu, gwaggon ta haihu za ta je taya ta aiki. Tsohuwar ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Ɗan nan, an ce kai ne Sabo mai amana. Shi ya sa na ƙi sa ta a motar da ta tashi ɗazu, na jira taka." Kin ji fa. Na ce, "Iya, kwantar da hankalinki, ai 'yata ce."

Mun yi nisa, muka iso wata mararraba, sai ga wani mutumin Yalwan Damai a bakin titi yana ɗaga hannu. Buhunan riɗi gare shi a gona, shatar mota yake so. Fasinjana biyar ne har da Saude. Raina ya biya. Ina cikin saƙe-saƙe sai ga motar Iro a bayana da sauran wuri. Iro abokin layina ne, tare muke cin tsire, kuma duk tasha an san halinsa. In 'yar talla ta gifta sai ya kama mata faranti ya ƙi saki, ko ya ja mata mayafi, mu kuma mu yi ta dariya muna cewa, "Kai Iro ba ka girma." Wasa muka ɗauke shi. Na tsayar da shi na juye masa mutane. Kowa ya sauka ban da Saude. Ta ƙanƙame ledarta ta ce, "Baba direba, ni dai a motarka Iya ta sa ni." Muryar can ƙasa. Na yi dariya, Ummi. Na ce, "Haba 'yan mata, mota ai mota ce, wannan ma ƙanena ne." Da hannuna na ɗauki kwanon man shanun na miƙa wa Iro, na gaya masa unguwa da gida.

Ya sauke kowa, ya bar ta ƙarshe, ya ce zai kai ta har ƙofa. Bai bi hanyar ƙofar ba. Yarinyar da ya kamata ta isa kafin la'asar, sai ana kiran magariba ta shiga gidan gwaggonta da ƙafa, ba leda, ba kwano, zaninta a yage. Fyaɗe ya yi mata. Na rubuta shi ƙarara don na gaji da yadda muke kewaye-kewaye, mu ce "ya ɓata ta," kamar ita ce abin da ya lalace. Ni a lokacin ina can ina loda riɗi, har ina waƙa.

To ga abin da nake so ki riƙe. In ranki bai kwanta da wuri ba, ko mota, ko mutum, ki yarda da abin da jikinki ya ba ki, ko da ba ki da dalilin da za ki nuna wa kowa. Kuma kada ki faɗe shi can ƙasa. Ana cewa yara ne masu kunnen ƙashi, ƙarya ce, namu na manya ya fi tauri, balle in akwai abin da ranmu ya biya a gefe. Ki ɗaga murya. In an tsaya a hanya an ce ku koma wata mota, ki leƙa ki ga ko akwai mata a ciki. In kin ga ke za a bari a ƙarshe, ki sauka tare da mai sauka na ƙarshe, ki tsaya inda mutane suke, ki kira ni. Gara a ce 'yar Sabo ba ta da kunya. Mutumin kuma da kika ga yana wasan hannu da 'yan mata jama'a na dariya, kada dariyar ta ruɗe ki. Gwaji yake yi ya ga ko akwai mai hana shi, kuma mu ba mu hana Iro ba.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Kwana uku bayan haka kawun Saude ya zo tasha da sanda, idonsa jajur. Dattawan tasha suka tare shi, aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, aka kawo ruwa, aka ce a yi sulhu. Kin san bakin dattawa. A rufa asiri, yarinya ce gobe aure za ta yi, in magana ta kai gaban hukuma sunanta ne zai yi yawo, kuma sunan tasha zai ɓaci iyaye su daina ba mu yara. Iro ya rantse ya ce a bakin kasuwa ya sauke ta, ita ta san inda ta bi. Aka juyo gare ni, don ni aka ba amanar. Aka ce, "Sabo, ka taɓa ganin wani mugun hali a wajen Iro?" Ummi, na san maganar farantin 'yan talla, na san ta mayafi. Na kalli tabarma na ce, "Ni dai ban ga komai ba." Tsoro ne, ba wani abu ba. In laifin Iro ya tabbata nawa ma ya tabbata, sunan nan na Sabo mai amana ya faɗi ƙasa ke nan. Aka hana Iro lodi mako biyu, aka ba kawun haƙuri, aka shafa fatiha. Har aka tashi ba wanda ya ce a ji ta bakin yarinyar, ba wanda ya tambayi ko an kai ta asibiti. Daga baya na ji ba a kai ta ba. Ruwan zafi gwaggon ta gasa mata jiki da shi, aka ce ta yi shiru.

Ke kuma ga shi Allah ya kai ki inda irin su Saude suke zuwa, in an yi sa'a an kawo su. Wata rana za a shigo miki da yarinya, uwa tana cewa zazzaɓi ne, yarinyar kuwa ba ta iya zama sosai a kan benci, ba ta kallon kowa. Ki fitar da mutane, ki ja labule, ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta ita kanta. Kada ki ce me ta sa, kada ki ce me ya kai ta can. Asibiti da wuri shi ne farko, wannan malamanki za su koya miki fiye da ni. In ƙawarki ce a makaranta, ki raka ta da ƙafarki, kada ki ce mata "je ki dawo." In kuma kika ji an ce a rufa asiri, ki tsaya ki duba asirin wa ake rufawa. Ni na zauna a irin wannan tabarma, na san waɗanda aka rufa wa: Iro ne da ni da tasha. Ba na ce sulhu ba shi da kyau ba. A kan karon mota, ko iyakar gona, ko faɗan maƙwabta, sulhu alheri ne, na sha yi wa mutane. Wannan kuwa ba irin wanda ake shafa wa fatiha a tashi ba ne.

Sai ki ce wanda ya ga haka zai zama uba mai saurare. Ina! Tsoron ya juye mini ya koma tsawa. Kina tasowa ina ganin Saude a fuskarki, maimakon in gyara kunnena sai na ƙara wa katangar gida tsawo. Kin tuna kina aji biyu na sakandare, kika dawo daga Islamiyya da yamma kina haki, kika same ni ina duba mai a mota? Kika ce wani ɗan acaɓa kullum yana bin ki a hankali har kwanar gidanmu, yau har ya tare miki hanya ya riƙe miki jaka. Me na ce? Na ce, "'Yan matan unguwar nan nawa ne, me ya sa sai ke? Wace irin tafiya kike yi?" Na hana ki Islamiyya wata biyu, na sa aka ƙara wa hijabinki tsawo har kina tuntuɓe da shi. Shi kuwa ɗan acaɓan ko kamanninsa ban tambaya ba. Kin kawo ƙara, na hukunta mai ƙara, ash sha!

Daga ranar kika daina kawo mini magana, daga gaisuwa sai "to, Baba," kuma kina da gaskiya. Shi ya sa da kika je hutu gidan Alhaji Mamman kina sha shida, za ki yi wata guda, kika dawo a kwana tara kika ce zazzaɓi ne, ban ji komai daga bakinki ba. Ni ma ban nema ba. Na sayo miki magani a kemis na ce ki sha bayan abinci.

Ki ji da kyau, da hannuna nake rubutawa. Wanda ya bi ki, ko ya taɓa ki, ko ya tsare ki da maganar banza, laifinsa ne. Ba na tafiyarki ba ne, ba na hijabinki ba ne. Saude da mayafinta har gwiwa ta shiga motata. In malami ya ce ki same shi a ofis ke kaɗai a kan maki, ki tafi da ƙawa, ki bar ƙofa a buɗe. In ya matsa, kada ki goge saƙonninsa don kunya, ki ajiye su a waya, ki kai magana gaba, ki gaya mini. Arzikinki ba a aljihunsa yake ba. In kuma saurayi ne, ya fara da binciken wayarki, ya kai ga murɗe miki hannu, sannan ya dawo da turare yana rantse-rantse, ki mayar masa da turarensa. Wanda ya ɗaga miki hannu tun yana zance a zaure, in ya kai ki ɗaki me kike tsammani? Ko bayan aure ne, ba ni daga cikin iyayen da za a kawo musu 'ya da kumburarren ido su ce ta koma ta yi haƙuri. Ɗakinki yana nan, Innarki ta so ta zuba masa buhunan gero na hana.

Wadda ta gyara ni ita ce Innarki, kin dai san bakinta, Allah ya bar mini ita. Shekarar da kika gama sakandare Iro ya sake, da 'yar wani malami mai makarantar Islamiyya. Allah kaɗai ya san su nawa ne a tsakani. Wannan uban ya ƙi tabarma. Ya ce shi a duk karatunsa bai ga inda aka ce a lulluɓe azzalumi a bar wadda aka zalunta ba. A ranar ya kai 'yarsa asibiti, ya kai magana gaban hukuma. Aka zo tasha neman wanda zai faɗi halin Iro, kowa ya zama kurma. Na dawo gida na kasa cin tuwo. A nan na kwashe labarin Saude kaf na gaya wa Innarki, karo na farko. Na ɗauka lallashi na za ta yi. Ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, shekara goma sha bakwai kana sallah a sahun gaba da wannan a cikinka? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In ba ka je ka faɗa ba, ranar da aka yi wa Ummi kada ka nemi mai shaida." Tabɗi!

Na je. Na tsaya gaban alƙali na faɗi abin da na sani, har da nawa laifin. Iro yana gidan yari yanzu. A tasha an yi wata uku ana amsa mini gaisuwa da ƙyar, 'yan kamasho suna tsallake layina, wani har ya kira ni munafuki a teburin mai shayi. Kin tuna lokacin da muka daɗe muna shan miyar kuka ba nama, kina tsokanar Innarki wai ta manta hanyar mahauta? To dalilin ke nan. Ya wuce kamar ba a yi ba. Yau a tasharmu doka ce, yarinyar da aka ba ka amana ba a juye ta. Ko motarka ce ta lalace, sai dai ka shiga wata motar tare da ita ka kai ta. Sababbin direbobi suna ganin haka aka gada tun kaka da kakanni, ni kuwa in na ji su sai in yi murmushi in ci gaba da shan shayina.

Bara da kaka ina kan layi, wata mata ta zo da yarinya 'yar sha biyu. Ban gane ta ba sai da ta yi magana. Saude ce. Ta yi jiki abinta, tana da aure, tana da keken ɗinki uku da 'yan koyo. Labarin kotu ya kai mata. Na rasa inda zan sa fuskata, na durƙusa a gaban mutane na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi, Baba direba, kada ka tara mana jama'a. Na yafe. Shi wancan na bar shi da Allah da hukuma. Kai kuwa abin da na daɗe ban manta ba dariyarka ce. Na gaya maka, ka ji ni, ka yi dariya." Sai ta kamo hannun 'yarta ta ce, "Ga amana. Makarantar kwana za ka kai ta, har ƙofa." Na kai ta har ƙofa, ban juya ba sai da na ga malama ta karɓi akwatinta. A hanya sau biyu ana ɗaga mini hannu, ko birki ban taɓa ba. Ranar malmala uku ta tuwo na ci, Innarki tana tambaya ko azumi na kai.

To duk da wannan, ranar Talata na sake. Mai hali ba ya fasa halinsa, sai dai Allah ya shirye shi. Laraba da safe ina wanke mota, ina goge kujerar gidan gaba, sai maganarki ta dawo mini yadda kika faɗe ta. Na tsaya da tsumma a hannu. Muryarku ɗaya da Saude, Ummi. Ita na yi mata dariya, ke na yi miki tsawa, amma aikin guda ne. Yarinya ta ce ba ta so, ni kuma ina shirin miƙa ta ga wani don na san shi, don kunyar ido, don kada a ce Sabo ya yi wa ubangidansa butulci.

Jiya Juma'a na yi lodin Birnin Kudu, na yi sallah a can, na wuce gidan Alhaji. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura, ya ce an riga an share miki ɗaki. Na sha furar rabi na ajiye, na ce, "Alhaji, na gode Allah na gode maka, amma Ummi a makaranta za ta zauna."

Ya ce, "Saboda me?"

Na ce, "Ta ce ba ta so."

"Dalili?"

"Ban tambaye ta ba, Alhaji."

Ya cire hula ya ajiye a gwiwa ya ce, "Sabo, gidana ne ba ka yarda da shi ba? Ni da na ɗauko ka kana wankin mota? Yanzu yarinya ce take juya ka?"

Na ce, "A wannan dai ita ce, ranka ya daɗe."

Da na yi sallama bai raka ni ƙofa ba, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara talatin. Ba zan ɓoye miki ba, na ji ciwo, don mutumin nan ya yi mini alheri kuma ba zan taɓa musawa ba. Ban zargi kowa ba, zato zunubi ne. Wataƙila hayaniyar gidan ce ba kya so, wataƙila faɗan Hajiya ne, wataƙila wani abu ne daban. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne kin ce ba kya so, kuma ba sai kin kawo shaida ba.

Daga nan na zarce makarantarku. Na ga matar da ke kula da ɗakin kwanan ɗalibai, wata Hajiya mai tabarau wadda ba ta san dariya ba, ta yi mini tambayoyi kamar ni ne zan kwana a can. Na ce a raina, yauwa, irin wadda nake so ke nan. An ba ki gado, na sama ne kusa da taga, ku shida ne a ɗakin. Ki tafi da gidan sauro da bokiti biyu, an ce famfonsu yakan yi yaji.

In akwai abin da ya faru a kwana taran nan, ranar da kika shirya, ko gobe ko bayan shekara goma, ki gaya wa Innarki, ko ni, ko ki rubuto kamar yadda na yi. Ba zan yi tsawa ba, ba zan ce me kika yi ba, kuma ba zan zauna a tabarmar kowa ba. Da ke za a yi shawarar abin da za a yi. In kuma babu komai, alhamdu lillahi, mun gode wa Allah. Ko ta yaya, gidan nan ba za ki ƙara taka shi ba sai da son ranki.

Kada ki tafi da damuwata. Ni lafiyata ƙalau, gwiwa ce kawai take ƙara kamar ƙofar motata, mun tsufa tare. Gero ya yi kyau bana, Innarki tana nan da bakinta, 'yata za ta sa farin kaya, me kuma zan nema? Ki yi karatu, ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki zaɓi ƙawaye masu faɗa miki gaskiya. In kin ƙware ki zo ki yi wa duk unguwa allura, amma ban da ni, kin san ni da allura ba ma shiri. Yau dai ki daure ki cinye tuwonki in gani.

Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a ɗaki, ya tsare ki a aji da wajen aji. Ya kare ki daga sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Ya ba ki baki a inda ake bukatar magana, ya sa hannunki ya zama waraka ga 'ya'yan mutane. Ya dawo mana da ke lafiya.

Saura abu ɗaya. A garin nan ban taɓa jin uba ya roƙi 'yarsa gafara ba, to yau za a fara. Tsawar ranar Talata, da ta ranar da kika zo mini kina haki, da maganin zazzaɓin da na miƙa miki ban tambaye ki komai ba, ki yafe mini, uwata.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Sabo